Darasi Na Sha Ɗaya: Binciken Ciwon Sabar Suna Da Karatun Ƙididdigarta

Duk wanda ya taɓa zama a wani ɗakin kwamfuta na garin Wudil a lokacin da yara suke cika takardun jarrabawar JAMB, ko kuwa a makon da ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta garin, wadda aka kafa a 2001 aka kuma sa mata sunan Aliko Dangote a 2022, suke rububin rajistar sabon zango, lalle ya san maganar nan da ake sallamar jama'a da ita idan shafi ya ƙi buɗewa, wato a ce musu babu netwok. Mutum ya baro ƙauyensu da sassafe, ya biya kuɗin mota, ya yini a kan benci, sa'an nan a ce masa ya dawo gobe. Ni kuwa a wurina wannan magana daidai take da a kai majiyyaci gaban likita, likita ya dube shi ya ce ba shi da lafiya, alhali kuwa sanin haka ne ya sa aka kawo shi. Sau da yawa hanyar intanet a buɗe take sarai, abin da ya kwanta shi ne mai nuna hanya, wato sabar suna, wadda masu sana'a suke kira DNS. Kuma manufar wannan darasi ita ce ɗalibi ya iya rarrabe wannan illa da sauran illoli bisa hujjar da ya gani da idonsa, ya bar aiki da zato.

Mu tuna da asalin al'amarin a taƙaice. Kwamfutoci da lamba suke kiran juna, ɗan Adam kuwa suna ya fi zama a kansa, saboda haka tilas a sami mai fassara suna zuwa lamba. A farkon zamani fayil guda ne tak, mai suna HOSTS.TXT, ake ajiye shi a wata cibiyar bincike ta Stanford a Amurka, kowa ya kwafa. Da kwamfutoci suka yi yawa har abin ya gagara, sai Paul Mockapetris ya fito da tsarin da muke kai a 1983, aka gyara shi a 1987. Hikimar tsarin ita ce babu wanda ya san kome da kome, amma kowa ya san wanda za a tambaya, kamar baƙon da ya sauka a tasha kusa da gada yana neman gidan wani, hakimi ya tura shi wurin dagaci, dagaci ya tura shi wurin mai unguwa, mai unguwa ya nuna masa ƙofa. Sabobin tushe, masu sunaye 13 daga A zuwa M, ba su san lambar jamb.gov.ng ba, amma sun san sabobin da ke riƙe da ng, waɗanda ƙungiyar NiRA take kula da su. Su kuma waɗannan su nuna sabar da sunan yake hannunta.

To, a nan akwai bambancin da in ɗalibi bai riƙe shi ba, duk abin da zai biyo baya zai rikice masa. Saba iri biyu ce. Akwai mai hurumi, wadda sunan yake a rubuce a wurinta, maganarta ita ce asali. Akwai kuma 'yar aike, wadda kwamfutocin ofis suke tambaya, ta tafi ta bi matakan nan ta dawo da amsa. Wanda ya yi karatun Hadisi a zaure zai gane wannan nan take, domin 'yar aike mai riwaya ce, faɗarta tana da ƙarfi gwargwadon ingancin isnadinta. Sa'ad da ta samo amsa takan ajiye ta a rumbunta, don kada ta sake yin tafiya in an sake tambaya, amma kowace amsa tana zuwa da wa'adinta, wanda ake rubutawa TTL, ana lissafa shi da sakan: 3600 awa guda ke nan, 86400 kuwa kwana ɗaya. In wa'adi ya cika, riwayar ta faɗi, sai an koma wurin mai hurumi.

Wannan rumbu yana da daraja a ko'ina, amma a wurinmu darajarsa ta fi, saboda nisa. Haske a cikin igiyar gilashi yana cin kimanin kilomita 200 a milisakan guda, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Daga Kano zuwa Legas, inda igiyoyin ƙarƙashin teku suke fitowa tudu, tafiya ce ta wajen kilomita 1,000, saboda haka zuwa da dawowa ba zai gaza milisakan 10 ba. Igiyar MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta daga Legas zuwa Fotugal kilomita 7,000 ne, zuwa da dawowa milisakan 70 ke nan kafin a ƙara jinkirin na'urorin da ke kan hanya. Idan aka tuna cewa tambaya ɗaya tana iya bukatar tafiya uku ko huɗu, kuma shafi ɗaya na zamani yana iya kiran sunaye da dama kafin ya gama bayyana, za a ga yadda 'yan ƙananan jinkirin nan suke taruwa su zama abin da mai zaune a benci yake ji a jikinsa. Amsar da ta fito daga rumbun da ke cikin ɗakinka kuwa ba ta kai milisakan guda ba.

Matakan bincike

Farkon abin yi, kafin a taɓa kome, shi ne a raba hanya da suna. Ka buga umarnin ping zuwa wata lamba da ka sani, misali 8.8.8.8, sabar da Google ya buɗe wa jama'a a 2009, ko 1.1.1.1 ta Cloudflare, wadda aka buɗe a 2018. In lamba ta amsa, suna kuwa ya ƙi, to hanya lafiya take, ciwon na suna ne, kuma babu dalilin kiran kamfanin waya ko hawa rufi a juya eriya.

Daga nan sai a ɗauki dig, wanda shi ne ma'aunin wannan sana'a, kamar yadda sikeli yake ga mai sayar da zinariya. Ka rubuta dig, ka bi shi da sunan da ya ƙi buɗewa, sa'an nan ka karanta abin da ya fito a tsanake, domin yawancin masu koyo layin lamba kaɗai suke dubawa su wuce, alhali fa'idar tana sama da ƙasa. A sama akwai hukuncin tambaya. NOERROR na nufin an amsa ba tare da illa ba. NXDOMAIN na nufin mai hurumi ya shaida babu wannan suna, wanda galibi kuskuren rubutu ne, ko kuwa mai sunan bai sabunta rajistarsa ba. REFUSED na nufin sabar ta ji ka amma ba ta yarda ta yi maka hidima ba, sai ka duba jerin waɗanda aka ba izini. SERVFAIL kuwa shi ne mai wuyar sha'ani, domin ma'anarsa 'yar aike ta yi ƙoƙari ta kasa, kuma ba ta faɗi dalili ba. A ƙasa akwai tsawon lokacin da tambaya ta ɗauka, da lambar sabar da ta amsa. Wannan na biyun ka dube shi da kyau, domin na sha ganin mutum ya ɓata yini yana gyaran sabar da kwamfutarsa ba ita take tambaya ba. Ka maimaita tambayar sau biyu: in ta fari ta ɗauki milisakan 200, ta biyu ta ɗauki 0 ko 1, rumbu yana aiki. In ka sa alamar @ da lambar wata saba, ita za a tambaya kai tsaye, ka gwada amsarta da taka. In ka ƙara +trace, dig zai bi isnadin da kansa tun daga tushe, ya nuna maka matakin da sarƙar ta tsinke.

Akwai wata alama da ba ta ƙarya. Idan kowane shafi yana tsayawa sakan 5 cif kafin ya buɗe da sauri, ka zargi sabar farko da aka rubuta wa kwamfutar. A tsarin Linux, ƙa'idar asali ita ce a jira ta farko sakan 5 kafin a koma ga ta biyu, saboda haka matacciyar saba a saman jeri tana karɓar wannan haraji a kan kowace tambaya.

Zan tsaya a kan SERVFAIL da wani abin da ya faru a gabana, domin ciwo ne na ƙasarmu wanda littattafan da aka rubuta a inda wuta ba ta ɗaukewa ba su cika kula da shi ba. An kira ni wani ɗakin kwamfuta wata safiya, bayan an kwana babu wuta, an tayar da janareta, kome ya kama, amma kusan kowane suna sai ya dawo da SERVFAIL. Mai wurin ya riga ya yi waya har sau uku yana faɗa da masu ba shi intanet. Na ƙara +cd a kan dig, wanda yake umartar saba ta ba da amsa ba tare da ta tantance sa hannu ba, sai amsa ta fito. Nan na san inda ƙaya take. Tun 2010 aka sa wa tushe hatimi na sirri, tsarin da ake kira DNSSEC, wanda yake ba 'yar aike damar tabbatar da cewa amsar da ta karɓa ba a jirkita ta a hanya ba. Kuma kowane hatimi yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke cikin kwamfuta, wanda yake riƙe agogo in an kashe ta, ya mutu, sabar ta farka tana zaton shekarun baya ne, ta ga duk hatiman duniya lokacinsu bai zo ba, ta ƙi su gaba ɗaya. Abin da ya ƙara ɗaure al'amarin shi ne, manhajar da ke daidaita agogo da suna take neman sabar lokaci, suna kuwa ba ya fassaruwa sai agogo ya daidaita. Muka gyara kwanan wata da hannu, muka aiki yaro ya sayo batiri, aiki ya tashi. Wani zai ce a kashe tantancewar a huta. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan, domin tun 2008 Dan Kaminsky ya nuna yadda maƙetaci zai iya cusa amsar ƙarya a rumbu, ya kai mai neman shafin banki gidan ɓarawo; wanda ya kashe tantancewa don batiri ya mutu ya sayar da tsaron jama'arsa a kan abin da bai kai kuɗin abincin rana ba.

Ƙididdiga da rajista

Abin da ya gabata maganin ciwon da ya riga ya kwantar ne. Ma'aikaci nagari kuwa yana so ya ga ciwo tun yana tafe, kuma hanyar wannan ita ce ƙididdiga. Manhajar BIND, wadda aka fara rubutawa a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a shekarun 1980, tana ƙirga duk abin da ya ratsa ta. In ka ba da umarnin rndc stats sai ta zuba lissafin a fayil mai suna named.stats. Mai amfani da wata manhajar irinta, Unbound, yana da makamancin wannan a unbound-control. Sai dai a lura, lissafin BIND tarawa yake yi tun daga sa'ad da aka tayar da ita, kamar mitar wuta, saboda haka karatu guda ba ya gaya maka kome. Sai ka ɗauka yanzu, ka sake ɗauka bayan awa guda, ka debe na fari daga na biyu. Ka nemi jimlar tambayoyi, da adadin da aka amsa daga rumbu, da adadin SERVFAIL da NXDOMAIN. Umarnin rndc status kuma yana nuna tambayoyi nawa ne suke jiran amsa daga waje a wannan sa'a, iyakarsu ta asali 1,000 ce. In ka ga adadin yana hawa zuwa can, ka fara duba hanyar waje kafin ka ƙara iyakar, domin taruwar jama'a a bakin gada alama ce ta cewa gaba ta toshe, faɗaɗa wurin jira ba zai sa motoci su wuce ba.

Lamba ba ta da ma'ana sai an san abin da aka saba gani. Mutumin Wudil ba ya mamakin cunkoso ranar Juma'a, da yake ya san ranar kasuwar Kara ce, shanu da manyan motoci sun cika hanya; amma in ya ga irinsa ranar Talata, zai tsaya ya tambaya. Haka sabarka take: tana da sa'o'in cika da sa'o'in sauƙi, da makon rajista da makon hutu, kuma wanda bai rubuta lissafinta tana lafiya ba, ba shi da abin gwadawa ranar da ta kwanta. Idan NXDOMAIN ya ninka ba zato da tsakar dare, alhali babu kowa a ɗaki, mafi rinjayen zato wata kwamfuta ce ta kamu da cuta tana ƙirƙirar sunayen banza tana neman ubangidanta.

Ƙididdiga tana faɗin nawa ne, rajista ita take faɗin wane ne da yaushe. Ka umarci BIND ta riƙa sa lokaci a kan kowane layi, ka kuma ƙayyade girman fayil da yawan tsofaffin da za a ajiye, misali guda 3 masu megabayit 20, domin rajistar da ba ta da iyaka takan cika faifai ta kashe sabar da aka sa ta tsaro. Rajistar kurakurai a bar ta a buɗe kullum, a kuma karanta ta kowace safiya. Rajistar tambayoyi kuwa, wadda ake buɗewa da rndc querylog, hukuncinta daban ne, kuma ina so ɗalibi ya saurare ni a nan fiye da ko'ina a cikin darasin. Wannan rajista tana rubuta kowace kwamfuta da kowane suna da ta nema, da sa'a da minti: wanda ya nemi shafin asibitin wata cuta da yake ɓoyewa, da wanda yake neman aiki a wani wuri ba da sanin ubangidansa ba, da matar da take bincike a kan hukuncin saki. Duk waɗannan sun zauna a gaban na'urarka ne bisa amana, ba su san kana iya gani ba. Karanta wannan don sha'awa tajassusi ne, wanda shari'a ta hana tun kafin a san kwamfuta, dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 kuma ta zo ta ɗora alhaki a kan mai riƙe da irinsa. Ka buɗe ta sa'ad da larura ta kama, gwargwadon larurar, ka gano kwamfutar da take ɓarna, ka rufe, ka goge. Ko maigidanka ne ya ce ka nuna masa abin da wane yake dubawa, ka nemi ya kawo dalilin da doka ta yarda da shi.

Gyaran da ke ƙara sauri

Sharaɗin gyara guda ne: a canza abu ɗaya, a auna, a rubuta, kafin a taɓa na biyu, kuma kafin a sake tayar da saba a bi fayil ɗin tsarinta da named-checkconf, domin waƙafi guda da aka manta ya isa ya hana ta tashi. BIND ta zamani tana ba rumbu izinin cin har kashi 90 cikin 100 na ƙwaƙwalwar na'ura, saboda haka in akwai wasu ayyuka a kan na'urar, ka rage masa da max-cache-size. Ka bar ƙofa ta 53 a buɗe ga UDP da TCP duka biyu, da yake amsoshi masu hatimi sun fi bayit 512 na asali, kuma tun 2020 masu wannan ilmi suka daidaita a kan 1232, abin da ya fi haka ya bi TCP; ganuwar tsaron da ta toshe TCP takan sa wasu sunaye su buɗe wasu su ƙi, abin ya yi kama da sihiri. In ba ka da IPv6, ka tayar da named, wato sabar BIND, da -4, kada ta riƙa ƙwanƙwasa ƙofar da ba ta zuwa ko'ina. Ka tsare hidimar aike ga kwamfutocin gidanka kaɗai, domin 'yar aiken da take amsa wa kowa a duniya makami ce a hannun masu kai hari. Sabobi kuwa su zama biyu, kowace da batirinta na ajiyar wuta.

Akwai wani tanadi da ya dace da halinmu ƙwarai, wato a ba saba izinin ba da amsar da wa'adinta ya wuce idan ta nemi mai hurumi ta rasa, abin da ake buɗewa a BIND da stale-answer-enable. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin teku huɗu, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Nijeriya kwanaki. A irin wannan rana tsohuwar amsa, wadda galibi har yanzu daidai take, ta fi babu. Wannan rukhsa ce ta lokacin larura, da zarar mai hurumi ya amsa sai a koma ga asali.

Ƙarshen ilmin bincike shi ne mutum ya san sa'ad da laifin ba nasa ba ne. Ranar 4 ga Oktoba 2021, bayan la'asar agogon Nijeriya, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace wajen awa shida, saboda wani kuskure a cikin gidansu ya janye hanyar da take kaiwa ga sabobin sunansu. Wayoyin duniya suka yi ta maimaita tambaya, 'yan aike suka cika da SERVFAIL. Wanda ya iya +trace ya ga cikin minti guda cewa sarƙar ta tsinke ne a matakin ƙarshe, a ƙofar mai suna, sauran sunaye kuwa lafiya lau. Ya gaya wa jama'arsa gaskiya, ya bar na'urorinsa yadda suke.

Aikin wannan mako

Ya kai ɗalibi, ka sayi littafin rubutu ka keɓe shi ga sabar da kake kula da ita, ko ta ajinmu in ba ka da taka. Kwana bakwai a jere, da hantsi da bayan la'asar, ka rubuta kwanan wata da agogon sabar yake nunawa, da jimlar tambayoyi, da adadin SERVFAIL da NXDOMAIN, da lokacin da dig ya ɗauka a kan suna guda na ng da suna guda na waje, tambaya ta fari da ta biyu. Ka kuma sa alama a duk ranar da aka ɗauke wuta. Kada ka buɗe rajistar tambayoyi don wannan aiki, babu bukatarta. Ka zo da littafin darasi mai zuwa, da shi za mu fara.